Ranar da Na Kai wa Kawu Ilu Mai Lema

Tun da na dawo daga Doguwa ban sha shayi da daɗi ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin kasuwarmu ta Bebeji sai wani ya matso ya ce, "Sule, wai da gaske a kan takarkari ka ɗora talabijin?" Wani kuma ya ce shi ya ji birai ne suka ƙwace mini kaset a daji. Na gaji da gyara wa mutane zance ɗaya bayan ɗaya. Ga shi nan daga tushe, wanda ya ƙara tambayata kuma sai dai ya je Doguwar da ƙafarsa.

Sai na fara da Kawu Ilu, don ba don shi ba babu abin da zai kai ni. Yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye bayan Doguwa, a gindin duwatsu. Yana saurayi ya yi karen mota a wata babbar mota mai kai gyaɗa Kano, kuma a nan ne ya shiga silima sau ɗaya tak a rayuwarsa. Fim ɗin Turawa ne, baƙi da fari. Bai san sunansa ba, ba ya jin Turanci, sai ya sa masa Mai Lema. Da ya koma gida aka yi masa aure, ya kama noma, bai sake leƙa silima ba, amma shekara ashirin da 'yan kai labarin bai bar bakinsa ba.

Ga yadda yake ba da shi. Wani dogon ɓarawo, mai yawo da baƙar lema ko ana ruwa ko ba a yi, ya sace akwatin albashin ma'aikatan jirgin ƙasa. 'Yan sanda suka biyo shi, ya faɗa gidan wani tsoho mai gasa burodi. Tsohon ya ɓoye shi, ya ci da shi, ya koya masa kwaɓa fulawa, bai taɓa tambayarsa me ke cikin akwatin ba. A ƙarshe kunya ta kama ɓarawon, don ya ci ya sha a hannun mutumin kirki, ya ɗauki akwatin a ka ya kai wa 'yan sanda da ƙafarsa.

Mu da muka ji shi muna yara mun ɗauka babu fim irinsa a duniya, kuma ba mu kaɗai ba. A ƙauyensu har ya zama abin faɗa: in an ba mutum ajiya sai a ce masa, "Amanar mai burodi fa." In shanu suka yi ɓarna a gona, Kawu ake kira ya kimanta, don manoma da Fulani duk sun yarda ba ya ƙara ko zangarniya ɗaya a kan abin da idonsa ya gani. Ardo Buba, wanda rugarsa ke bayan ƙauyen, ya taɓa mayar da wata karsana da ta ɓata ta shiga garkensa ta shekara biyu har ta haihu. Ya kai ta ita da ɗan maraƙinta, ya ce labarin Mai Lema ne ya hana shi sakat.

Ni kuwa, kun sani, gyaran rediyo ne sana'ata. Da bidiyo ya fara shigowa na sayi tsoho na gyara, na haɗa da talabijin da ɗan ƙaramin janareta. Wata rana abokina Malam Habu, mai koyar da Turanci a wata sakandare a Tudun Wada, ya zo gida hutu. Ina cikin ba shi labarin lema da gidan burodi sai ya katse ni ya ce ya san fim ɗin, tsoho ne, kuma masu rubutu a kan fina-finai a ƙasar Turawa suna sa shi a sahun gaba. Ya rubuta mini sunan a takarda. Sau uku ina shiga Kano kafin in same shi a ƙasan wani kwali, mai shagon yana cewa tun da ya ajiye shi ba wanda ya tambaya. Na kawo gida na sa, na ga dogon mutum ya sauko daga jirgi da baƙar lema, sai na kashe. Na ce wallahi ba zan ƙarasa shi ba sai a gefen Kawu. Na aika masa ta bakin masu zuwa cin kasuwa cewa ina tafe da Mai Lema. Wautata ke nan, na yi shela ban duba kayana ba.

Na tashi ranar Talata da hantsi, ƙarshen damina, masara ta fara bushewa. Daga Bebeji zuwa Kwanar Dangora ba wani abu, amma a Kwanar na yi zaman awa uku ina jiran akori-kura ta cika. Na ci gurasa da ƙuli, na sha rake har muƙamuƙina ya gaji. Ina juyowa na tarar wani dattijo ya zauna daram a kan kwalin bidiyo yana cin goro. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, inji ne a ciki."

Ya ce, "To ai ban ji ya motsa ba."

Direban motar wani mutumin Kiru ne mai surutun tsiya. Ya ga kaset ɗin ya leƙo daga aljihuna, ya zare ya duba hoton jikinsa, ya ce, "Wannan? Na taɓa shiga kallonsa a Kano. Ba waƙa, ba rawa, ba dambe, mutane sai tsayuwa a bakin taga suna magana. Barci na yi, sai tashina aka yi an watse."

Na ce masa Turawa sun ce yana sahun gaba.

Ya ce, "Turawan da ke cin ganye ɗanye?"

Fasinja suka yi ta dariya. Raina ya ɓaci sosai, ji nake kamar kawun nawa ya zaga.

Talabijin a cinyata ya yi tafiyar, janareta a ƙarƙashin ƙafata yana tsiyayar da warin fetur, wata mata a gefena da kaji uku da ba su yarda da ni ba. Saura kaɗan mu shiga Tudun Wada fanbel ya tsinke. Mai zagin Turawa ya kwance igiyar kaya ya murɗa ya ɗaura, muka ƙarasa muna tafiyar hawainiya, duk bayan ɗan lokaci sai an tsaya an ba motar ruwa. Da la'asar na sauka a gidan malamai, ƙafata ɗaya ta mutu murus.

Malam Habu ɗaki ɗaya gare shi, rabin katifar littattafai ne. Maƙwabta suka aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe. Mutanen Tudun Wada shinkafa ba ta burge su. Abin da mu a gida sai da salla ko suna, su ranar Talata ma shi ne, har suna ba da haƙuri wai ba a yi shiri ba. Muna ci yana yaba mini fim ɗin, ya ce, "Ai abin da ya sa ake ji da shi, ƙarshen ne."

Na ce, "Ƙwarai, inda ya mayar da akwatin."

Ya tsaya da loma a hannu. "Wa ya mayar?"

Muka wanke hannu, muka tayar da janareta, na karya rantsuwata. Komai ya tafi yadda Kawu ke faɗa, har da kyanwar da ke kwana a kan murhun burodi, sai da aka zo kusa da ƙarshe. Ashe tsohon nan tun ranar farko ya san abin da ke cikin akwatin. Ciyar da ɓarawon yake yi don ya saki jiki. Ran da ya gano inda yake ɓoye mabuɗi, ya kwashe kuɗin, ya cika akwatin da duwatsu, ya aika wa 'yan sanda takarda. Aka harbe Mai Lema a tashar jirgi da akwatin duwatsu a hannu. Hoton ƙarshe, tsohon ne yake buɗe shagonsa da safe yana gaisawa da mutane.

Malam Habu ya ce, "Ka ga abin da ake yabo ke nan. Ya sa ka ƙaunaci tsohon, sannan ya nuna maka kai ma an cuce ka."

Na ce, "Malam, ni ba yabon Turawa ya dame ni ba. Gari guda zai zauna, Kawu a gaba."

Ko mantawa Kawu ya yi, ko ƙirƙira ya yi, ban sani ba. Abin da na sani, mutumin da ake kira ya raba gardama saboda ba ya ƙarya, ni ne na ɗauko abin da zai ƙaryata shi a gaban kowa, tun daga Kano, da guzurina. Malam Habu ya ce in koma gida in ce kaset ya lalace. Na ce saƙo ya riga ya je, in ban je ba za a ce ɗan 'yar'uwar Ilu ne mai ƙarya, duk dai gida ɗaya abin zai faɗa. Sai dabara ta zo mini, irin tamu ta masu gyara. Da safe muka juye tankin janareta, muka dinga auna fetur da gwangwanin madara muna gwadawa. Gwangwani huɗu ya kai mu daidai inda ɓarawon ke tsaye yana kallon akwatin, kafin tsohon ya nuna halinsa, sai injin ya yi tari ya mutu. Na ce shi ke nan, in an je can mai zai ƙare, in ba da haƙuri, Kawu ya ƙarasa musu da baki.

Daga Tudun Wada aka shiga dajin Falgore. A bakin dajin akwai shinge, sanda ce a kan ganga biyu, da masu gadi a inuwa. Ɗaya daga cikinsu ya sa na buɗe kwalaye. Da ya ji inda za ni sai ya washe baki ya ce, "Kai ne mai kawo fim ɗin Baba Ilu? Matata 'yar can ce. Da ba aiki da na bi ka." Ya taya ni ɗaure kwalin da hannunsa. Wato labari ya riga ni tsallake dajin. Maganar birai kuwa, mun gan su, manya-manya, zaune a tsakiyar titi sai da aka yi musu ham suka tashi a hankali. Ba wanda ya taɓa mini kaset, da ma sun ɗauka da na gode musu.

Doguwa akwai sanyi-sanyi ko da rana, ga duwatsu ta kowane gefe, ga dankalin Turawa tuli a bakin hanya ana sayarwa kamar rogo. Daga nan mota ba ta shiga ƙauyen su Kawu, don rafi ya kawo. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi sai ga Ardo Buba da kansa, dogo siriri da malafa, yana jan takarkari. To ga gaskiyar maganar takarkarin: janareta aka ɗora masa, da bidiyo a cikin mangala. Talabijin a kaina ya je, na tsallake rafi da shi ruwa har cinya, Ardo yana gaba yana ce mini, "Sannu, taka nan."

Muka yada zango a rugarsa. Aka kawo fura da kindirmo a ƙwarya, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Ardo ya ajiye mini ya juya baya ya tafi duba maraƙi. Mu a Bebeji mai gida da kai zai sa hannu, yana ci yana cewa ka ci. Su kuwa kunya ba ta barin su su ci a gaban baƙo, ba kuma sa tsayawa su ga cinsa. Na sha na ƙoshi ba mai ƙirga mini ludayi. Da ya dawo ya ce mutanen ruga uku za su zo kallo, har da waɗanda ba su taɓa ganin talabijin ba.

Kawu ya tarbe ni a ƙofar gida. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi damina, ya tambayi hanya, ya sake tambayar mahaifiyata. Bai ce komai a kan kayan ba sai da aka shigar da su zaure. Sannan ya ce, "Shi ne a ciki?" Na ce shi ne. Ya ce, "To, madalla." Matarsa, Inna Delu, ta ce mini tun da saƙona ya iso bai cika cin abinci ba, ita ta ɗauka ɗoki ne.

Washegari aka sa kallo bayan la'asar a babban zauren Kawu. Na auna gwangwani huɗu na zuba, na ɓoye sauran a ɗaki, na tafi masallaci. Da muka dawo zaure ya cika maƙil, an rataye tabarmi a ƙofa don duhu, mata suna leƙowa ta ƙofar cikin gida. Kawu a gaba kan buzu, Ardo a gefensa. Na ja igiya, hoto ya fito, ina fassara musu da ɗan Turancin da nake da shi, ko da yake ba su bukace ni ba. Mai Lema na saukowa daga jirgi aka ce, "Ga shi nan." Tsohon na fitowa da faranti aka dinga sa masa albarka kamar ɗan gari. Da kyanwa ta hau murhu wani ya ce, "Kai, Ilu bai rage komai ba."

Aka zo wurin da ɓarawon ke tsaye yana kallon akwatin. Na kasa kunne ina jiran tarin inji. Inji sai ƙara lafiya yake. Tanko mai injin niƙa, maƙwabcin Kawu, ya matso ya raɗa mini da fara'arsa, "Na ga manka kaɗan ne, na cika maka tanki kana masallaci. Baƙo ba ya jin kunya a garin nan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na lallaɓa ta bayan talabijin na kai hannu kan waya.

Kawu ya ce, "Bar shi, Sule. Tsayar da hoton dai tukuna."

Na tsayar. Ya dafa kafaɗar Ardo ya tashi, ya juyo ya fuskanci mutane.

Ya ce, "Jama'a, iyakar abin da na gani ke nan. Silimar ba ta da rufi. Daidai nan ruwa ya kece, aka kashe inji, kowa ya yi ta kansa. Da gari ya waye motarmu ta tashi. Da na dawo na ba da labari kuka ce sai me ya faru, na ji kunyar in ce ban sani ba, na faɗi abin da nake so ya faru. Daga baya ya yi mini nauyin janyewa. Abin da ke gaba, ni da ku yau za mu gan shi tare." Ya zauna. "Sa mana."

Na sa. Ban fassara ko kalma ɗaya ba, ba a kuma nema ba. Suka ga tsohon ya zaro mabuɗi, suka ga yana jera duwatsu a akwati, suka ga an harbe Mai Lema, lemar ta gangara ƙarƙashin jirgi. Da tsohon ya buɗe shago yana murmushi, Inna Delu ta ce daga bayan ƙofa, "Allah ya isa tsakaninmu da kai."

Na kashe janareta. Duk zauren ba mai kallon wani. Tausayin Kawu ya kama ni har na kasa ɗaga kai.

Shi ya fara magana, a hankali, idonsa a kan talabijin ɗin da ya mutu. "Tsohon ya kalli akwatin. Ran da ya fara miƙa masa burodi, sau biyu ya kalli akwatin. Na gani tun a Kano, na ƙi sa shi a labari don ba na so." Ya girgiza kai. "Wanda ya shirya abin nan ya san mutane."

Tanko, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya ce, "To, Baba Ilu, shekara ashirin muna rantsuwa da mai burodi. Yanzu wa zai dinga kimanta mana ɓarna?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

Ardo Buba ya gyara zama. Shi ba ya sauri a magana. Ya ce, "Ilu, na ga hannun ɗanka a kan waya. Da ka yi shiru da ya cire, mu tashi muna yabonka, ba mai sani har ka mutu. Ba wanda ya kama ka. Kai ka ɗauko akwatin a ka ka kawo." Ya juya wajen mutane. "Ni karsana na mayar, kuma ba na neman a dawo mini da ita. Shekaranjiya shanun ƙanena sun shiga masarar Tanko. Gobe da safe Ilu zai je ya duba, abin da ya ce shi za mu biya."

Kowa ya kalli Tanko. Ya sosa ƙeya, ya daɗe yana sosawa, sannan ya ce, "Shi ɗin dai."

Masu tambayata ko fim ɗin ya kai yadda ake faɗa, na gaya muku abin da direba ya ce da abin da Malam Habu ya ce, ku zaɓa. Na Kawu kuma ga shi, don da daddare na ba shi labarin Malam Habu da Turawansa. Da safe ina ɗaure kwalaye ya fito da sandarsa, ya tsaya a kaina ya ce, "Ka gaya wa abokin nan naka malami, Turawansa sun yi gaskiya. Amma da ni ne, da na bar tsohon da mutuncinsa."

Ya sa takalmi ya nufi gonar Tanko, Ardo da Tanko suna biye da shi a baya.